Masu Sa Wa Ƙarshen Duniya Rana

A shekarar 2025 wani mai wa'azi a Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, ya ce ranar 23 ko 24 ga Satumba Yesu zai dawo ya fyauce nasa. Saƙon ya cika wayoyi, ranar ta zo ta wuce, kasuwa ta ci yadda ta saba. Wallahi na gaji da wannan shirme.

Tushen rikicin yana Markus sura 13. A aya ta 30 Yesu ya nuna mutanen wannan zamanin ba za su shuɗe ba sai abubuwan da ya lissafa sun auku. A aya ta 32 kuma ya ce ranar a ɓoye take, daga mala'iku har Ɗan, sai Uba kaɗai. Aya ɗaya ce tsakaninsu, dole mai karatu ya yi turus. Malaman Kirista da dama suna cewa ta farko rushewar Haikalin Urushalima take nufi, wanda sojojin Rum suka yi a shekara ta 70, ga shi kuwa da zancen duwatsun Haikalin aka buɗe surar. Wasu masana tarihi sun ce a'a, Kiristocin farko sun sa rai da gaske za su ga dawowar Yesu da idonsu, shi ya sa Bitrus ta Biyu sura 3 ta tsaya amsa wa masu ba'a kan jinkirin. Muhawara ce mai daɗewa.

Amma ko wanne ɓangare ka bi, babu inda za ka tsamo kwanan wata. Edgar Whisenant ya buga littafi a Amurka da hujja 88 cewa 1988 ce shekarar. Da ta wuce sai ya koma 1989. Harold Camping ya ce 1994, ya dawo ya ce 21 ga Mayu 2011, ya sake ɗagawa zuwa Oktoba, alhali mabiyansa sun riga sun zuba dukiyarsu a allunan talla. A Kanungu ta Yuganda abin ya kai ga jini: shekarar 2000 ta shigo duniya ba ta tashi ba, a watan Maris aka ƙone mabiyan wata ƙungiya cikin majami'arsu, aka kuma tono wasu gawarwakin a ramuka, jimilla fiye da 700. Mutum yana riƙe da littafin da ya ce ko mala'iku ba su sani ba, sai ga shi da kalkuleta!

Don haka in irin wannan saƙon ya shigo wayarka, goge shi, kada ka tura. Kada ki sayar da akuyarki, kada ka cire ɗanka daga makaranta, kada ka fasa shuka. Bulus da kansa ya tsawata wa 'yan Tasalonika da suka zauna ba aiki. Faston da ya sa rana kuma yana karɓar baiko, tambaye shi me zai yi da kuɗin, ka kuma duba ko ya dakatar da ginin gidansa. Yaran da suka ji zancen suka kasa barci, a zaunar da su a kwantar musu da hankali. In kuwa aka ce ɗan'uwanka ya bar iyali ya tare a wani kango jiran ranar, kada a tsaya kunya, a sanar da shugabannin coci da mai unguwa da 'yan sanda tun a ranar.