2.3 Ire-iren Suna a Nahawun Ingilishi

Masana nahawun Ingilishi sun kasa suna gida biyu. Na farko shi ne sunan yanka, wanda yake nuni ga mutum ko wuri takamaimai, kamar Zariya ko Tudun Jukun, kuma da babban baƙi ake fara rubuta shi. Na biyu shi ne suna gama-gari, wanda shi ma ya rabu zuwa ƙirgau, kamar *book*, da wanda ba ya ƙirguwa, kamar *water*. Akwai kuma tattarau, kamar *team*, da ɓoyayye, wanda ido ba ya gani, kamar *honesty*.

Inda gizo ke saƙa ga ɗalibi Bahaushe shi ne sunan da ba ya ƙirguwa. A Hausa ana cewa shawara, shawarwari, labari, labarai. Saboda haka ɗalibin makarantar Tudun Jukun yakan rubuta *advices* da *informations*, alhali waɗannan kalmomi ba sa karɓar jam'i a Ingilishi. Wannan kuskure yana jawo asarar maki a jarrabawa. Ke nan wajibi ne malami ya kwatanta harsunan biyu tun daga firamare.