Me Ke Sa Wayfai Na Gida Yawan Katsewa?

Sanin kowa ne cewa a unguwannin zango na Sokode da Dapaong yau akwatin wayfai ya shiga sahun kayan gida, kamar yadda rediyo ya kasance a da. Da shi ɗan kasuwa ke jin farashi daga Lome ko Sinkase kafin ya ɗaure kaya, da shi ɗalibi ke neman darasi, da shi kuma uwa ke ganin ɗanta da ke Kumasi ko Kano a WhatsApp. Saboda haka idan rezo ya ɗauke a tsakiyar ciniki, ba ƙaramar asara ake yi ba. Wasu ma kan garzaya su sayi sabon akwati, alhali tsohon lafiyarsa lau.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya gane shi ne, hanya biyu ce a nan. Akwai wadda ta taso daga kamfani zuwa akwatinka, akwai kuma wadda ta tashi daga akwatin zuwa salularka. Wayfai shi ne wannan guntun na biyu kawai. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Idan rezo ya ɗauke, duba salulolin sauran mutanen gida. In taka ce kaɗai ta tsaya, to laifin na salularka ne: ka sa ta manta da wayfai ɗin, sannan ka sake shigar da lambar sirri. In kuwa duka sun tsaya, sai a je a duba fitilun akwatin.

Masu layin fibar za su ga wata fitila da aka rubuta LOS a jikinta. Muddin ta yi ja, hasken da ke tafe cikin siririyar wayar nan ta gilashi bai iso ba, watau ta karye ko ta lanƙwashe a wani wuri. Wannan aikin ma'aikatan kamfani ne, kada a ce za a ɗaura ta kamar wayar lantarki. Masu akwati mai katin SIM na Yas, wanda aka sani da Togocom kafin a sake masa suna a 2024, ko na Moov Africa, su fara tabbatar da cewa kuɗin da suka zuba bai ƙare ba, sa'an nan su matsar da akwatin kusa da taga ta gefen da eriyar kamfanin take.

Wani lokaci kuma matsalar ta fi ƙarfin gari gaba ɗaya. Intanet ɗinmu ta teku yake shigowa, ta manyan wayoyi irin su WACS da Equiano na kamfanin Google, wadda ta sauka a Lome cikin watan Maris na 2022. Daga nan sai ya hauro arewa, kimanin kilomita 340 zuwa Sokode, fiye da 600 zuwa Dapaong, kuma ko'ina a wannan tsakani aikin hanya na iya tsinke waya. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku da dama sun lalace a gaɓar Kodebuwa, ƙasashe masu yawa na Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu. A irin wannan rana, tambayar maƙwabci ta fi taɓa akwati amfani.

To, in fitilu na nan daidai amma katsewar ba ta daina ba, sai a dubi wutar lantarki. Ko da wutar CEET ta ƙyafta na daƙiƙa ɗaya, akwatin zai mutu ya sake tashi, kuma yakan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya dawo. Haka nan idan wutar ta yi rauni, ko soket ya yi sako-sako, ko cajar ta tsufa. Yawancin akwatunan nan volt 12 suke ci, don haka ƙaramin batir na ajiya da ake sa wa tsakanin caja da akwati yana maganin wannan. Sai dai a karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin akwatin kafin a saya. Da damina kuwa, in hadari ya taso da tsawa, a zare shi daga soket.

Zafi ma babban abokin gaba ne. A Dapaong, cikin Maris da Afrilu, zafi kan kai digiri 40, ga rufin kwano na ƙara hura ɗaki. Akwatin da aka ɗora kan talabijin, ko aka rufe da ƙyalle don tsoron ƙurar hunturu, zai yi zafi ya riƙa tsayawa da kansa. A bar shi a sarari inda iska ke ratsawa, a riƙa kaɗe masa ƙura da busasshen tsumma.

Sai batun wurin ajiya. Gidajenmu na zango manya ne, ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna tare siginar. A rataye akwatin a sama, a tsakiyar gida, kada a tura shi lungun ɗakin maigida. Sababbin akwatuna na watsawa a zango biyu: 2.4 GHz mai nisan tafiya da ratsa bango, da 5 GHz mai sauri amma gajeren zango. Na ɗakin ƙarshe ya zaɓi na farkon. In unguwar cike take da masu sayar da tikitin "wifi zone", siginoni kan yi ta karo da juna a 2.4, sai a sa wanda ya iya ya shiga saitin akwatin ya gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, domin su ne ba sa hawa kan juna.

Akwai kuma abin da kunya ke hana mu faɗa. Lambar sirri da aka ba ɗan'uwa ɗaya, kafin mako ta zagaya layi, har samari su mai da ƙofar gida majalisa. Ƙaramin akwati ba ya iya ɗaukar saluloli talatin suna kallon bidiyo, dole ya riƙa yar da wasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A canza lambar lokaci-lokaci, a yi ta doguwa, wanda ake son taimaka wa a shigar masa da hannu.

Kafin a kira mai gyara, a kashe akwatin na rabin minti a sake kunnawa, amma kada a soka tsinke a ƙaramin ramin nan na bayansa, don yana goge saitin kamfani duka. In an yi duk wannan abin bai gyaru ba, a rubuta ranaku da sa'o'in da rezo ke ɗaukewa, a kai wa ofishin kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi. Idan aka ji shiru, hukumar ARCEP da ke sa ido kan kamfanonin sadarwa a Togo tana karɓar koken masu amfani da layi. Kuɗinka ka biya, don haka neman haƙƙinka ba roƙo ba ne.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, amin.