Bawul Mai Ganye Huɗu: Lahanin Zuciyar Da Kan Yi Shiru Shekara Arba'in

A shekarar 1847 wani likita mai suna Babington yana binciken gawa, sai ya tarar da abin da ba a taɓa rubuta labarinsa ba: bawul ɗin da ke bakin ayota, babbar jijiyar da ke kwasar jini daga zuciya zuwa sassan jiki, ganyensa huɗu ne maimakon uku. An yi fiye da shekara ɗari bayan haka galibi sai a kan gawa ko a tsakiyar tiyata ake cin karo da irinsa. Yanzu kuwa mai shi yana kwance a gadon asibiti, yana hira da likita, za a gano shi cikin rabin awa.

Aikin wannan bawul ɗaya ne da na injin ban ruwa: ya buɗe ruwa ya wuce, ya rufe kada ya dawo. Zuciya na bugawa kusan sau 100,000 a yini, kuma a kowane bugu sai ganyayen nan uku sun buɗe, sun sake haɗe bakinsu tsaf. Mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100 akan haife su da ganye biyu kacal. Mai huɗu kuwa bai kai mutum ɗaya cikin 2,000 ba, mai biyar ya fi shi wuyar samu. Tun a makonnin farko na ciki abin ke faruwa, lokacin da zuciyar ɗan tayi ke haɗuwa, kuma babu wata hujja da ta nuna cewa abin da uwa ta ci ko ta yi ne ke jawo shi.

A 1973 likitoci biyu a Amurka, Hurwitz da Roberts, suka kasa lahanin gida bakwai bisa girman ganyayen: wani duk huɗun kai ɗaya, wani uku manya da ƙarami guda maƙale a tsakaninsu. Ko wanne iri ne, matsalar ita ce sau da yawa baki huɗu ba sa haɗuwa da kyau a tsakiya kamar uku. Yau da gobe ganyayen su yi kauri, su sandare, jini ya fara tsiyaya yana komawa cikin zuciya.

Yoyon ba ya zuwa da ciwo. Ɗakin hagu na ƙasa na zuciya sai ya riƙa faɗaɗa don ya ɗauki jinin da ke dawowa, mutum yana nomansa ko kasuwarsa lafiya lau. Yawanci sai an haura shekara 40 ko 50 alamu ke fitowa: haki a ɗan hawan bene, gajiyar da ba ta da dalili, bugun zuciya mai ƙarfi da mutum ke ji har a wuya idan ya kwanta, kasa barci sai an tara matasai, kumburin ƙafa. Wani lokaci awon jini ma yana tona asirin, lambar sama ta hau, ta ƙasa ta faɗi sosai. Da yawa a nan suke ɓata lokaci, a ce asma ce, a ce tsufa ne, a je kemis a karɓo maganin tari. Kafin a kai ga likitan zuciya, naman zuciyar ya riga ya saki, kuma wanda ya saki da yawa ba lallai ya dawo daidai ba ko da an yi aiki.

Likita kan fara jin wani ɗan huci a ƙirji da abin sauraronsa, amma hoton zuciya na eko shi ke raba gardama. Bawul mai lafiya idan ya rufe, a allo yakan yi kama da harafin Y. Mai ganye huɗu kuwa X yake bayarwa, idan ya buɗe kuma ƙofar ta yi kusurwa huɗu. In hoton bai fito sarai ba, akan zura siririn bututu mai na'urar a maƙoshi a duba zuciyar ta baya, ko a yi CT. Wannan bambancewa tana da amfani a arewacin Najeriya da Nijar, inda mafi yawan yoyon bawul ciwon maƙogwaron yarinta da ba a yi wa magani ba ne ke haddasa shi, kuma kulawar kowanne daban ce. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna yin eko.

Ba duk mai ganye huɗu ne za a yi wa aiki ba. Wanda bawul ɗinsa ke rufuwa da kyau, abin da ke kansa shi ne maimaita eko a kan kari da tsare hawan jini. Magani na rage wa zuciya nauyi, amma ba ya toshe yoyo. Idan yoyon ya tsananta, ko zuciya ta fara girma, sai tiyata. Kafin a sa wuƙa likitoci kan duba bakin jijiyoyin da ke shayar da ita kanta zuciyar, domin a wasu masu wannan lahani ba a mazauninsu suke ba, kuma sabon bawul na iya toshe su.

Wasu ana gyara musu nasu, a ɗinke ganye biyu su zama ɗaya a koma uku. A Japan, likita Shigeyuki Ozaki ya fito da dabarar yanko sababbin ganyaye daga tantanin da ya lulluɓe zuciyar maras lafiyan kansa. Akasari dai canzawa ake yi. Bawul na ƙarfe yana daɗewa, sai dai mai shi zai sha warfarin har ƙarshen rayuwarsa tare da gwajin jini a kai a kai, kuma maganin na iya cutar da ɗan tayi, don haka mace mai shirin haihuwa ta faɗa tun kafin a zaɓa. Na naman dabba ba ya buƙatar haka, amma yakan gaji cikin shekara 10 zuwa 20, ya fi ma saurin lalacewa a jikin matashi. Akwai na alade, akwai na saniya, kuma maras lafiya yana da ikon tambaya wanne za a sa masa.

Ko an yi aiki ko ba a yi ba, ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori na iya bin jini su sauka a kan bawul. Mai wannan lahani ya sanar da likitan haƙori kafin a cire masa ko guda, zazzaɓin da ya wuce mako bai sauka da maganin maleriya ba kuma a kai shi asibiti a yi gwajin jini.