Baƙin gilashin mota: shin yana hana waya samun rezo?

A watannin Afrilu da Mayu, zafi a jihar Damagaram yakan wuce digiri 40. Saboda haka direbobi da yawa masu bin hanyoyin Mallawa, Dungas da Magarya suna manna baƙar leda a gilashin motocinsu don rage zafin rana. Wasu na cewa ledar tana hana waya samun rezo, wanda a Najeriya ake kira sabis. Wasu kuma na cewa tana lalata batir. Amsar a taƙaice ita ce: duhun leda ba ya tare rezo. Ƙarfen da ake sa wa wasu ledojin ne ke tare shi.

Yadda rezo ke shiga mota

Wayar salula tana aika saƙo zuwa eriyar kamfani, tana kuma karɓa daga gare ta, ta cikin iska. Wannan saƙo yana ratsa gilashi cikin sauƙi, amma ƙarfe yana tare shi. Jikin mota ƙarfe ne, don haka yawancin saƙon ta gilashi yake shiga. Idan aka rufe gilashin da abin da ke da ƙarfe, an rage masa hanya ke nan.

Ire-iren leda

Ta farko ita ce leda mai rini. Launi kawai aka sa mata, kuma ta fi araha. Ba ta tare rezo komai duhunta, amma rana tana kodar da ita, kuma ba ta rage zafi sosai.

Ta biyu ita ce leda mai ƙarfe. An shafa mata siririn ƙarfe, kamar alminiyum, don ya mai da hasken rana baya. Sau da yawa tana ƙyalli kamar madubi idan an dube ta daga waje. Tana rage zafi, amma tana iya raunana rezon waya. Tana iya raunana rediyo idan eriyarsa a jikin gilashi take. Tana kuma iya damun na'urar GPS mai nuna hanya, domin saƙonta daga taurarin ɗan Adam yake zuwa, daga nisan kusan kilomita 20,000, kuma da rauni yake isowa.

Ta uku ita ce leda ta seramik ko ta kabon. Babu shafen ƙarfe a jikinta. Tana rage zafi, ba ta tare rezo, sai dai ta fi tsada.

Me ya sa wannan ya shafi mutanen karkara?

A cikin birnin Zinder eriya tana kusa, saboda haka ɗan ragin da leda ke yi ba ya hana kira. A ƙauyukan da ke nesa da eriya kuwa, rezo da ma kaɗan ne. Ɗan ragi zai iya katse kiran direban da ya ɗauko mai naƙuda zuwa asibitin Magarya, ko wanda motarsa ta lalace a daji. Haka kuma, waya tana ƙara shan caji idan rezo ya yi rauni.

Batir da wayoyin mota

Leda ba ta jan wuta, don haka ba ta taɓa batir ko inji. Ɓarna takan faru ne wajen aiki. Da ruwan sabulu ake manna leda, kuma idan ya zuba cikin ƙofa zai iya lalata maɓallin ɗaga gilashi. A gilashin baya akwai siraran layuka masu kawar da raɓa, a wasu motoci har da eriyar rediyo. Kankare leda da reza yana iya yanke su.

Abin da ya kamata ka yi

1. Tambayi mai sayarwa ko akwai ƙarfe a ledar, ka kuma nemi ganin kwalinta.
2. Idan an riga an manna, tsaya wuri ɗaya, ka duba alamar rezo gilashi a rufe. Sauke gilashin, ka jira minti 1, ka sake dubawa. Maimaita a wurare 2 ko 3.
3. Idan kira ya ƙi shiga a kan hanya, tsai da mota, ka sauke gilashi ko ka fito waje.
4. Kada ka sa baƙar leda a gilashin gaba. Tana rage gani da dare, lokacin da dabbobi da amalanke ke kan hanya.
5. Nemi bayanin doka a wajen ƴan sanda ko jandarmomi kafin ka biya kuɗi. Mai tsallaka iyaka zuwa Maigatari ko Kano ya sani cewa tun 1991 Najeriya ke da dokar da ta taƙaita amfani da baƙin gilashi.

Ka tuna: kafin ka zaɓi leda, abin tambaya shi ne da me aka yi ta.