Amsar jiya a bakin gadar Malanbil

Tambayoyin da waya ke kawowa ofishin masu fitar da kaya daga duwan a Malanbil ba su da yawa. "Alhaji, gada a buɗe take?" "Wace takarda direba zai riƙe?" "Nawa ake biya kan buhu?" Kullum su ke nan, amsar ce dai ba ta zama wuri ɗaya.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai. Ran 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Malanbil ta Benin da Gaya ta Nijar. Manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tafiyar sama da kilomita 700, suka yi jerin gwano a gefen hanya. Da aka ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a garƙame. Matafiya suka koma kwale-kwale, kaya masu yawa suka bi ta Lome da Burkina Faso. Ko lambar waya ba ta tsira ba, don daga 30 ga Nuwamba 2024 lambobin Benin suka tashi daga alƙaluma takwas zuwa goma, aka ƙara 01 a farko. Yaron ofis da ya karanta wa kwastoma bayanin watan Yunin 2023 bai yi ƙarya da gangan ba, amma ya jefa shi a asara.

Galibi irin wannan sani a kan maigida yake zaune, ko a tarwatse cikin saƙonnin WhatsApp. Wiki na ma'aikata shi ne maganin hakan: rumbun bayanai guda da kowa a ofis zai iya karantawa, ya gyara. Manhajoji irin su Notion da Confluence don wannan aka yi su, kuma ko Google Sheets ya wadatar. Kowace amsa tana da layinta, da gurbin kwanan wata a gefe. Sai ka ce wa manhajar ta nuna maka na kwana bakwai da suka wuce kawai, ta tace sauran kamar yadda rariya ke ware tsaki da gari.

Sai dai akwai tarko, kuma nan ne mutane da dama ke faɗawa. Manhaja irin Notion da kanta tana rubuta ranar da aka ƙirƙiri layi da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. Wannan ta biyun mayaudariya ce. Wani ya gyara harafi ɗaya a bayanin da ya shekara biyu, nan take ya hau sama a matsayin sabo. Don haka ofis na buƙatar gurbin da mutum ke cikewa da hannunsa: ranar da aka tabbatar da maganar, da sunan wanda ya je ya gani ko ya buga waya ya tambaya. A kan wannan gurbin ya kamata a riƙa tacewa. A ganina ma, tacewa mafi amfani ita ce wadda ke fito da layukan da aka kwana talatin ba a tabbatar da su ba. Aikin safiyar Litinin ke nan. Kuma ba duka ke tsufa tare ba: canjin naira da sefa wuni guda ya ishe shi lalacewa, jerin takardun duwan kan ɗauki watanni.

Tsohon bayani kuma kada a goge shi. Ranar da ɗan kasuwa ya zo da rasit na kafin rufe gada yana jayayya kan abin da ya biya, tacewa tsakanin ranaku biyu ce za ta fito da ƙa'idar wancan lokaci.

A kula da yadda ake rubuta ranar. 03/04/2024 a Malanbil 3 ga Afrilu ne, amma manhajar da aka saita bisa tsarin Amurka za ta karanta shi 4 ga Maris. A zaɓi ranar daga kalandar manhajar, a daina buga ta kamar saƙo. Layin da aka bar gurbinsa fayau kuwa, yawanci tacewa kan tsallake shi, ya ɓace daga ido alhali yana nan. Sai a ware masa shafi na daban da ke nuna marasa kwanan wata, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin cike su kafin a tashi aiki.