Bayani Kan Injinan Matso Roba Ga Masu Ƙananan Masana'antu

Muna sanar da masu niyyar kafa masana'antar tiyo, rufin wayar lantarki ko bayan taya cewa manyan nau'o'in injin matso roba guda biyu ne. Dukansu suna aiki da sandar ƙarfe mai murɗiya, wadda ke tura roba ta wata kafa mai siffar kayan da ake so.

Na farko, sai an ɗumama masa roba a injin murza tukuna. Sandarsa gajera ce, tsawonta kimanin ninki 4 zuwa 6 na kaurinta. Yana da rahusa, amma injinan ɗumamawar suna cin wuta da ma'aikata, kuma zafin robar yakan saɓa.

Na biyu yana karɓar roba da sanyinta. Sandarsa takan kai ninki 12 zuwa 20, saboda haka shi yake ɗumama ta da kansa. Ya fi tsada, amma kayansa sun fi fitowa bai ɗaya. Akwai samfurinsa mai zuƙe iska da danshi, domin kada tiyo ya yi ƙuraje wajen gashi.

Muna ba da shawarar a lissafa kuɗin wuta da albashin ma'aikata kafin a dubi farashin inji.