Kowace Ƙara Da Ƙofarta

Sau da yawa mutumin da aka kayar a shari'a yakan nufi wurin malamin makaranta ko akawun garinsu, ya roƙa a rubuta masa takardar afil. Saboda haka muka ga ya kamata mu jawo hankalin malamai ga wani abu guda, watau mai gaskiya yana iya rasa gonarsa ko gadonsa don kawai ya kai kukansa inda ba a da ikon jinsa.

Da farko sai a duba irin maganar. Tun zamanin En'e, cikin 1956, aka kafa Kotun Afil ta Musulmi a Jihar Arewa, a 1960 kuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta maye gurbinta. Yau sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 shi ya ƙayyade ikonta, watau aure da saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi. Jayayya a kan mallakar gona wadda ba ta shafi gado ba, Babbar Kotun Jiha ake kai afil ɗinta. Kotun Ƙoli ta tabbatar da iyakar wannan iko a 2000, cikin shari'ar Magaji da Matari. Hukuncin kotun da ba ta da iko kuwa rusa shi ake yi, ko da an shekara goma ana shari'ar.

Na biyu, ba kowane kuka ne maganinsa afil ba. Wanda aka yanke wa hukunci a bayan idonsa don sammaci bai isa gare shi ba, yana iya komawa kotun nan da ta yi hukuncin, ya roƙa ta soke shi a sake zama. In kuma ƙaramar kotu ta wuce iyakar ikonta, ko ta hana mutum faɗin ta bakinsa, akwai hanyar roƙon Babbar Kotu ta kirawo takardun shari'ar ta rusa hukuncin. A nan abin da ake dubawa shi ne ko an bi ƙa'ida, afil kuwa yana duban ko hukuncin kansa daidai ne.

Na uku shi ne lokaci. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda aka kafa a 1976, ana da wata 3 a kan hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 14 a kan umarnin da aka bayar ana tsakiyar shari'a, kwana 90 a shari'ar laifi. Wanda ya makara sai ya nemi ƙarin lokaci da hujja mai ƙarfi. Waɗansu ƙararrakin ma sai an nemi izinin kotu tukuna.

Har wa yau a sani, shigar da afil ba ya tsai da zartar da hukunci. Sai an roƙi wannan dabam, in ba haka ba a yi gwanjon kayan mutum afil ɗinsa na nan a ofishin rajistara.

Shawararmu ga malamai ita ce, kada su yi gaggawar ɗaukar alƙalami. Su sa mai kuka ya karɓo kwafin hukuncin, ya lura da ranar da aka yanke shi, ya nemi lauya nan da nan. Matalauci kuma a nuna masa ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976. Matambayi dai ba ya ɓata.